Ƙashin ƙugu tsakanin tafiya da haihuwa: abin da tsoffin ƙasusuwan Afirka suke nunawa

Duk taku ɗaya da mutum zai yi, akwai ɗan lokacin da nauyin jikinsa gaba ɗaya yake kan ƙafa guda, ɗayar kuma tana sama tana neman wurin sauka. A wannan ɗan lokaci, da a ce babu abin da yake riƙe da gangar jiki, ɓangaren da ƙafarsa ta bar ƙasa zai rinjaya, mutum ya karkata ya faɗi. Amma ba ma faɗuwa, har ma Bafulatanar da ta ɗauko ƙwaryar nono daga ruga takan taka kilomitoci zuwa kasuwar Alkaleri ba tare da nonon ya fantsalo mata ba. Abin da yake riƙe ta wasu tsokoki ne guda biyu a gefen katara, waɗanda suka taso daga faffaɗan ƙashin ƙugu suka kama saman ƙashin cinya, suna ɗaurewa duk lokacin da ƙafar ɓangarensu ta ɗauki nauyi, su hana ƙugu zubewa ta ɗaya gefen. Wanda ya taɓa lura da tafiyar mutumin da shan inna ta raunana masa waɗannan tsokoki, yadda yake jefa kafaɗarsa gefe a kowane taku don ya dawo da nauyinsa kan ƙafar da take ƙasa, ya riga ya ga girman aikin da suke yi a ɓoye.

Ba mu kaɗai muke da tsokokin nan ba. Gwaggon birin da yake kai-komo a bakin ruwan Wikki a Yankari yana da su, cimfanzin dajin Gashaka-Gumti, wato babban birin nan marar wutsiya, ma yana da su. Bambancin yana ga ƙashin da suka kama. Ƙashin ƙugu a kowane gefe haɗin ƙasusuwa uku ne da guringuntsi yake riƙe da su a yarinta, sai wajen balaga suke haɗewa su zama ɗaya: na sama mai faɗi wanda mutum yake dafawa idan ya riƙe ƙugu, na ƙasa ta baya wanda ake zama a kansa, da na gaba da yake ƙasan mara. Ukun sun haɗu a wani gurbi da kan ƙashin cinya yake shiga, ta baya kuma ƙashin kwankwaso ne ya haɗa gefen dama da na hagu. A jikin cimfanzi, faffaɗan ƙashin na sama dogo ne, shimfiɗaɗɗe, yana kwance a baya yana bin gadon baya har ya kusa taɓa haƙarƙari, don haka tsokokin da suka taso daga gare shi suna bayan gaɓar cinya, aikinsu shi ne jan ƙafa baya, abin da yake da amfani wajen hawan bishiya. A jikin mutum kuwa ƙashin ya gajarta, ya yi faɗi, ya lanƙwaso ta gefe zuwa gaba har ƙugun ya zama kamar akushi, sai tsokokin suka dawo gefen gaɓar, aikinsu ya koma daidaita jiki. Gajartar ta kuma saki ƙasan gadon baya, wanda a jikin cimfanzi yake maƙale tsakanin ƙasusuwan biyu, ya sami sararin yin lanƙwasar da take ɗora kai da ƙirji daidai saman ƙafafu. Shi ya sa idan cimfanzi ya miƙe tsaye yakan tafi gwiwa a tanƙware, yana rangaji dama da hagu, kuma ba ya nisa. Awon da Michael Sockol, David Raichlen da Herman Pontzer suka wallafa a 2007 ya nuna cewa, idan aka daidaita nauyi da nisa, tafiyar mutum tana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarfin da cimfanzi yake ƙonawa, ko da ƙafa huɗu yake tafiya ko da biyu.

Kafin a shiga batun tsoffin ƙasusuwa, ya kamata a share hanya. Babu masanin wannan fanni da yake cewa mutum daga cimfanzi ya fito. Abin da suke cewa shi ne layin biyu sun rabu daga tushe ɗaya shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowanne ya bi tasa hanyar, kuma ƙugun cimfanzin ma ya sauya a cikin wannan dogon zamani. Na kuma san mai karatu a Bauchi ko Gombe, Musulmi ne ko Kirista, zai tambayi inda Annabi Adamu yake a cikin wannan lissafi. Tambaya ce mai nauyi, kuma zaurenta na malaman addini ne. Abin da na sa a gaba shi ne ƙasusuwan da aka tono daga ƙasar Afirka, waɗanda suke ajiye a gidajen tarihi na Addis Ababa da Nairobi da Pretoria, inda ake iya auna su, da kuma abin da masu nazarinsu suke karantawa a jikinsu.

Ƙashin ƙugu yana cikin waɗanda suka fi wuyar samu. Siriri ne, cikinsa soso-soso, kuraye da sauran masu cin mushe sukan tauna shi saboda naman da yake kewaye da shi, wanda ya tsira kuma nauyin ƙasa yakan murƙushe shi. Haƙora da muƙamuƙi ana samun su da yawa, amma ƙugun da ya tsira kusan cikakke ɗaiɗai ne. A maƙwabciyarmu Chadi, a hamadar Djurab, ayarin Michel Brunet ya gano ƙoƙon kan da aka sa wa suna Toumaï a 2001, mai kusan shekara miliyan 7, kuma har yau ana jayayya kan yadda mai shi yake tafiya, domin an sami kai da ƙashin cinya da na hannu amma ba a sami ƙugu ba.

A farkon ƙarni na 20, yawancin masanan Turai sun ɗauka cewa ƙwaƙwalwa ce ta fara girma, miƙewa tsaye ta biyo baya. Wannan zato ne ya sa suka rungumi ƙoƙon kan Piltdown da aka gabatar a Ingila a 1912, wanda sai a 1953 aka tabbatar haɗin jabu ne na kan mutum da muƙamuƙin biri, kuma shi ne ya sa suka yi watsi da Raymond Dart lokacin da ya bayyana kan yaron Taung na Afirka ta Kudu a 1925, ya ce mai ƙaramar ƙwaƙwalwar nan a tsaye yake tafiya. A 1947 Robert Broom da John Robinson suka tono ƙugu tare da ƙasusuwan baya a kogon Sterkfontein na Afirka ta Kudu, ƙugun da aka yi wa lamba Sts 14. Gajere ne mai faɗi, irin na mai tafiya da ƙafa biyu, alhali jinsin da ya fito daga cikinsa, Australopithecus africanus, ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce rabin lita ba. Daga nan tsarin ya juye: ƙafa ce ta riga kai.

Hujjar da ta fi shahara ta fito ne daga Hadar a yankin Afar na Habasha, ranar 24 ga Nuwamba, 1974, lokacin da Donald Johanson da Tom Gray suka ci karo da ƙwarangwal ɗin da duniya ta sani da Lucy, Habashawa kuma suke kira Dinkinesh. Shekarunta miliyan 3.2, tsayinta kimanin mita 1.1, nauyinta kusan kilo 30, an kuma sami kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasusuwanta, ciki har da ƙashin ƙugu na hagu da na kwankwaso, waɗanda suka isa a zana ɗaya gefen a kansu. Ƙashin cinyarta ya karkato ciki daga katara zuwa gwiwa, yadda ƙafa za ta sauka a ƙarƙashin tsakiyar jiki. Shekara huɗu bayan haka ayarin Mary Leakey ya tone sawun ƙafafu a Laetoli ta Tanzaniya, waɗanda aka taka a kan tokar dutse mai aman wuta da ruwan sama ya jiƙa shekara miliyan 3.6 da suka wuce, diddige ya nutse, babban yatsa yana jere da 'yan'uwansa.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce wadda ta girme su, wato Ardi, macen jinsin Ardipithecus ramidus mai shekara miliyan 4.4, da aka fara tonowa a Aramis ta Habasha a 1994. Ƙasusuwanta sun ruɓe sun murƙushe har sai da ayarin Tim White ya shafe shekara 15 kafin ya fitar da cikakken bayaninsu a 2009. Yadda Owen Lovejoy na wannan ayari ya karanta ƙugunta, samansa gajere ne mai faɗi, ya fara ɗaukar siffar mai tsayuwa, ƙasansa kuwa, wato ƙashin zama, dogo ne irin na birai, wanda yake ba tsokokin bayan cinya ƙarfin hawa, babban yatsan ƙafarta kuma a ware yake yana iya damƙar reshe. Wasu masana sun ja hankali cewa ƙashin da aka sake haɗawa a kwamfuta bayan ya ragargaje haka, dole a yi hattara da shi, kuma suna da gaskiya. Duk da haka abin da yake nunawa ya yi daidai da hankali: ƙugu bai sauya gaba ɗaya a tashi ɗaya ba, sama ne ya fara, ƙasa ya biyo daga baya, kuma an yi zamani mai tsawo ana haɗa tafiya a ƙasa da hawan bishiya.

Yadda ƙashi zai gajarta ya yi faɗi, an sami bayaninsa kwanan nan daga wani ɓangare na daban. A 2025 Gayani Senevirathne da Terence Capellini na Jami'ar Harvard suka wallafa nazarin da suka kwatanta ɗan tayin mutum da na birai a cikinsa. Sun ga cewa a jikin sauran birai, guringuntsin da zai zama faffaɗan ƙashin ƙugu yana tsirowa ne a tsaye, daga ƙasa zuwa sama, shi ya sa yake yin tsawo. A jikin ɗan tayin mutum ma haka yake farawa, amma wajen mako na bakwai zuwa na takwas sai layin tsirar ya juya a kwance, ƙashin ya riƙa ƙaruwa ta faɗi, sannan kuma taurinsa ya yi jinkiri, abin da yake ba shi lokacin lanƙwasowa kafin ya daskare.

Kuskure ne a ɗauka cewa da Lucy aikin ya kammala. Ƙugunta na mai tafiya da ƙafa biyu ne, amma ba irin namu ba ne. Faffaɗan ƙasusuwan sun baje waje maimakon su lanƙwaso gaba sosai, gaɓoɓin cinya biyu sun yi nisa da juna idan aka dubi ƙanƙantar jikinta, hanyar haihuwa kuma tana da faɗi daga dama zuwa hagu amma a matse take daga gaba zuwa baya, tun daga sama har ƙasa. Yoel Rak ya kawo bayani a 1991 cewa mai gajerun ƙafafu yana amfana da faffaɗan ƙugu, domin idan ƙugun ya juya a kowane taku yana ƙara wa takun tsawo. Ta fuskar haihuwa kuwa, Robert Tague da Lovejoy sun lissafa a 1986 cewa jaririn irin su Lucy zai shiga hanya kansa yana kallon gefe, ya fito a haka ba tare da ya juya ba. Daga baya Jeremy DeSilva ya nuna cewa kafaɗu masu faɗi za su tilasta masa ɗan juyawa, ya kuma ƙiyasta cewa nauyin jaririn ya kai kusan kashi 5 cikin 100 na nauyin uwa, alhali na cimfanzi kusan kashi 3 ne, namu kuma kusan 6. Ke nan matsin haihuwa ya fara tun ƙwaƙwalwa ba ta yi girma ba.

Daga kusan shekara miliyan 1.9 da suka wuce aka fara ganin Homo erectus, mai dogayen ƙafafu da ƙwaƙwalwar da ta kama daga mililita 600 zuwa sama da 1,000, kuma a nan ne labarin ƙugu ya fi sarƙaƙiya. A 1984 Kamoya Kimeu, ɗan Kenya da ya shahara wajen hango ƙashi a cikin tsakuwa, ya gano ƙwarangwal ɗin yaron Nariokotome a yammacin tafkin Turkana, mai kusan shekara miliyan 1.5. Da aka haɗa ƙugunsa sai ya fito siriri, aka gina hoton Homo erectus a kansa a matsayin dogo mai tsukakken jiki. Sai dai yaron namiji ne, bai kuma balaga ba, ƙasusuwan ƙugunsa uku ba su ma haɗe ba, don haka ba shi ne zai faɗi yadda mata suke haihuwa ba. A 2008 Scott Simpson da Sileshi Semaw da abokan aikinsu suka bayyana ƙugun wata babbar mace daga Gona a Habasha, mai shekara tsakanin 900,000 da miliyan 1.4, faffaɗa, hanyar haihuwarsa ta fi ta Lucy zagaye, za ta iya wuce da jariri mai ƙwaƙwalwar kusan mililita 300. Suka ce ta Homo erectus ce. Christopher Ruff ya ƙalubalance su da cewa gurbin ƙashin cinyarta ya yi ƙanƙanta, mai shi ƙaramar halitta ce da ta fi kama da wani jinsi na daban, kuma da yake ba a sami kai tare da ƙugun ba, gardamar ba ta mutu ba.

Wasu samfuran sun ƙara birkita duk wani yunƙurin jera al'amarin a layi ɗaya. Australopithecus sediba, wanda ayarin Lee Berger ya gano a Malapa ta Afirka ta Kudu a 2008, shekarunsa sun kusa miliyan 2, ƙwaƙwalwarsa kusan mililita 420 ce kawai, amma ƙugunsa ya fi na Lucy kama da namu, abin da yake nuna ba girman kan jariri ne kaɗai yake sauya siffar ƙugu ba. Homo naledi kuma, wanda ya rayu tsakanin shekara 335,000 da 236,000 da suka wuce, lokacin da irinmu ya fara bayyana, ƙugunsa a baje yake irin na dauri.

A Turai da yammacin Asiya faffaɗan jiki ne ya ci gaba. Ƙugun wani namiji daga ramin Sima de los Huesos a Atapuerca ta Sifen, mai kusan shekara 430,000, ya fi na mazan yau faɗi sosai, haka ma na wani Niyandatal, wato tsohon jinsin mutane da ya ɓace, da aka tono a kogon Kebara na Isra'ila a 1983, mai ƙashin mara dogo siriri. Timothy Weaver da Jean-Jacques Hublin sun sake haɗa ƙugun macen Niyandatal ta kogon Tabun na Isra'ila a 2009, lissafinsu ya ba su cewa haihuwarta a matse take kamar tamu, amma mafitar tana da faɗi ta gefe irin tsohon tsari. Idan aka haɗa waɗannan, tsukakken ƙugu mai zurfi daga gaba zuwa baya abu ne na baya-bayan nan, na Homo sapiens, wato irinmu, kuma ana ganin alamunsa a ƙashin Omo Kibish na kudancin Habasha mai kusan shekara 230,000.

Wannan sabon tsari ne ya ba haihuwarmu siffar da kowace ungozoma ta sani da hannunta. Bakin hanya ta sama ya fi faɗi daga dama zuwa hagu, kimanin santimita 13, daga gaba zuwa baya kuma kusan 11. A tsakiya, inda wasu tsinaye biyu na ƙashin zama suka kutso ciki, faɗin ya ragu zuwa santimita 10 da ɗan kai, sararin ya koma gaba da baya. Kan jariri kuwa faɗinsa kimanin santimita 9.5 ne. Don haka yakan shiga yana kallon gefen uwa, haɓarsa a ƙirji, idan ya kai tsakiya ya juya ya fuskanci bayanta, ya zamo ta ƙarƙashin ƙashin mara, sannan kafaɗu su ma su yi nasu juyin. Ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba tukuna, maɗiga a buɗe take, sukan ɗan hau juna don kan ya tsuke, jijiyoyin da suke ɗaure ƙugun uwa su ma sukan saki kaɗan a lokacin ciki. Jaririn mutum yana zuwa da ƙwaƙwalwar mililita 350 zuwa 400, na cimfanzi kusan 150. Wenda Trevathan da Karen Rosenberg sun daɗe suna cewa fitowar jariri yana juya wa uwa baya ita ce ta sa mace take buƙatar wata a kusa, domin da wuya ta share masa baki ko ta warware cibiya daga wuyansa da kanta, ke nan ungozomanci yana cikin tsoffin ayyukan ɗan Adam. A 2011 masu bincike a Japan sun ɗauki hoton haihuwar cimfanzi suka ga su ma jariransu sun fito suna juya baya, uwar kuma ta ji da kanta, don haka abin da ya fi sa mu neman taimako shi ne tsananin matsin da tsawon naƙuda.

Bayanin dalilin wannan matsi da ya mamaye littattafai ya fito ne daga Sherwood Washburn a 1960. Ya ce tafiya da ƙafa biyu tana son tsukakken ƙugu, babbar ƙwaƙwalwa tana son faffaɗa, sulhun da aka samu shi ne haihuwar jariri tun bai ƙosa ba, shi ya sa namu yake zuwa ko kansa ba ya iya riƙewa. Bayani ne mai shiga kai, kuma an yi rabin ƙarni ana maimaita shi ba tare da an gwada ginshiƙinsa ba. Da Anna Warrener da abokan aikinta suka gwada a 2015, suka sa maza da mata tafiya da gudu suna auna iskar da suke shaƙa da faɗin ƙugunsu, ba su ga cewa mai faffaɗan ƙugu ya fi ƙona ƙarfi ba. Holly Dunsworth kuma ta nuna a 2012 cewa idan aka dubi girman jikin uwa, cikin mutum ba gajere ba ne a cikin dangin birai, har ma ya ɗan fi tsawo. A ganinta abin da yake kawo ƙarshen ciki shi ne iyakar ƙarfin jikin uwa: jiki ba ya iya jure ƙona abin da ya wuce ninki biyu da ɗan kai na bukatarsa ta hutu na dogon lokaci, kuma wajen wata tara bukatar ɗan ciki take haura wannan iyaka.

Idan tafiya ba ita ce take hana ƙugu faɗaɗa ba, mene ne? Amsa mafi ƙarfi a ganina tana ga tsokokin da suka rufe ƙasan ƙugu. Dabba mai ƙafa huɗu bangon cikinta ne yake ɗauke da hanji da mahaifa. Mai tsayuwa kuwa, nauyin hanji da mafitsara da mahaifa da ɗan da yake cikinta duk yana sauka ne a kan wannan shimfiɗar tsoka, kuma tsinayen nan biyu da suke tsuke hanyar haihuwa su ne madogararta, kamar yadda likita Maurice Abitbol ya bayyana a 1988. Lissafin kwamfuta da Ekaterina Stansfield da abokan aikinta na Vienna suka yi a 2021 ya nuna cewa duk lokacin da shimfiɗar ta ƙara faɗi tana ƙara lotsawa fiye da kima, abin da yake kawo saukowar mahaifa da kasa riƙe fitsari. Akwai kuma batun zafi, wanda Ruff ya daɗe yana nazari, cewa siririn jiki ya fi saurin fitar da zafi, shi ya sa al'ummomin ƙasashe masu zafi suka fi na wurare masu sanyi tsukakken ƙugu. Wani nazari da aka wallafa a 2025 a kan hotunan jikin mutum fiye da 30,000 a Birtaniya ya sami alaƙar faffaɗar hanya da matsalolin tsokokin ƙasan ƙugu da kuma ɗan jinkirin tafiya, tsukakkiya kuma da toshewar naƙuda, ya kuma ga cewa gadon girman kai da gadon faɗin hanya sukan tafi tare.

Hukuncina shi ne Washburn bai yi kuskure ba da ya ce akwai matsi, kuskurensa shi ne ɗora shi a kan dalili ɗaya. Masu sukarsa da suke neman su ce babu matsin kwata-kwata su ma sun wuce gona da iri, domin ba a banza ƙugun mace ya bambanta da na namiji ba, har mai binciken gawa yake iya gane jinsi daga gare shi fiye da kowane ƙashi. Ƙashi ne guda da aka ɗora wa ayyuka da yawa, riƙe jiki a tsaye, tallafe kayan ciki, rage zafi da wucewa da jariri, kuma rarar da ta rage tsakanin kai da hanya 'yar kaɗan ce.

Ƙanƙantar wannan rara ce ta sa yanayin rayuwa yake iya cinye ta. Jonathan Wells na Landan ya kawo hujja cewa wahalar haihuwa ta ƙaru bayan fara noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da tsawon mutane ya ragu a wurare da dama saboda cututtuka da abinci iri ɗaya, abincin hatsi kuma yake ƙara wa ɗan ciki nauyi. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin ƙididdigar lafiya ta ƙasa tana nuna arewa maso yamma da arewa maso gabas ne a kan gaba wajen tsumburewar yara, kuma yarinyar da ta tsumbure ƙugunta ma yakan tsumbure. A Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa sun tabbatar cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci yana kawo laushin ƙashin da yake tanƙwara ƙafafun yara, kuma wannan ciwo yakan matse bakin ƙugu daga gaba zuwa baya. Bugu da ƙari, hanyar haihuwa ba ta gama girma tare da tsawon jiki: yarinya takan fara al'ada, tsayinta ya kusa tsayawa, alhali cikin ƙugunta yana da sauran shekaru yana faɗaɗa.

Ɗaliban ungozomanci a Bauchi da Gombe har yanzu sukan haddace rabe-raben ƙugu huɗu da Caldwell da Moloy suka tsara a Amurka a 1933, inda aka ɗauki mai zagaye a matsayin na ƙwarai. Lia Betti da Andrea Manica sun auna ƙwarangwal ɗin mata 348 daga al'ummomi 24 a 2018, suka ga siffar hanyar ta bambanta ƙwarai daga yanki zuwa yanki, ta matan Afirka kudu da Sahara kuma ta fi zurfi daga gaba zuwa baya, ta fi tsukewa ta gefe. Ke nan ma'aunin da aka gina a kan wata al'umma bai isa a yanke wa wata hukunci da shi ba, kuma a 2018 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar auna ƙugun kowace lafiyayyar mai ciki da hannu idan ta zo naƙuda. Ko kai zai wuce ko ba zai wuce ba, naƙudar ce take nunawa, shi ya sa ake bin saukowar kai da buɗewar bakin mahaifa awa bayan awa. Idan kan ya maƙale aka bar shi kwana da kwanaki, yakan danne mafitsara da bangon farji a jikin ƙashin mara, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya faɗi ya bar huda. Wannan ita ce yoyon fitsari, kuma saboda ita aka kafa cibiyar ƙasa ta Ningi a jihar Bauchi, irin ta Babbar Ruga a Katsina, inda yawancin matan da ake yi wa ɗinki doguwar naƙudar da ba ta sami tiyata a kan lokaci ba ce ta kai su.